Awa 10,000 ko kunnen maigida: me ke sa hannun makaɗi ya faɗa?

Tun da waya mai intanet ta shiga hannun kowa, wata magana ta zauna a bakin samarin da ke koyon kiɗa daga Ngaundare zuwa Garwa, daga Marwa zuwa Kusuri, har a ƙetare gada a shiga Njamena: wai duk wanda ya yi awa 10,000 yana atisaye sai ya zama gwani, fiyano ne ko jita ko kalangu. Wasu har sun zauna sun buga lissafi. Mai ba abin awa 3 kullum, ba fashin Sallah ba na zazzaɓi, sai ya shekara 9 da 'yan kai kafin ya cika adadin. Lissafin ya kashe wa wasu gwiwa tun ba su fara ba, wasu kuma ya sa suna raba dare suna bugu har yatsu su yi tsami. Can gefe kuma dattawan makaɗa na ƙofar lamido, in zancen ya iso kunnensu, amsarsu ɗaya ce: ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Tsakanin waya da dattawa, mai koyo ya rasa wadda zai kama.

Kowace daga cikin maganganun nan biyu tana da tushe, sai dai an gutsure ta kafin ta iso gare mu. In aka bi sawunsu zuwa inda suka fito, kusan wuri ɗaya suke nunawa.

## Kaɗawa daban, atisaye daban

Abubuwa uku ne muke kira da suna ɗaya, shi ya sa zancen ke cakuɗewa. Akwai kaɗawa, wato mutum ya ɗauki abin kiɗansa ya bi waƙar da ya riga ya iya, don jin daɗinsa ko don a ji. Akwai maimaici, a yi ta bin abu daga farko zuwa ƙarshe da fatan yawan bi zai gyara shi. Sai na uku, wanda shi masu bincike ke nufi in suna lissafin awanni. A nan za mu kira shi atisayen gyara: a ware wurin da hannu ke tuntuɓe, a san yadda ake son ya fito, a gwada, a saurara, a gyara, a sake.

Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da mai koyon fiyano ya san na biyun. Bayan la'asar yaro ya jona fiyanon Yamaha ɗin da ya aro, ya saki kiɗan biki. Layi na farko sumul, na biyu sumul, a na uku inda ɗan yatsa zai tsallaka sai ya goce. Ya tsaya, ya ja tsaki, ya koma farko. Haka za a yi ta yi har a kira magariba. In ka ƙirga, farkon waƙar da dama ya iya ya bi shi sau 30, wurin da ke ba shi wuya kuwa sau 30 ɗin nan duk kuskure ya buga a kai. Shi a ransa ya yi awa 2 yana aiki. Hannu kuwa ba ruwansa da wanne ne daidai, abin da aka fi nanata masa shi yake riƙewa. Mai ɗinkin hula ya fi shi dabara: in zare ya kauce, a nan yake tsayawa ya warware ya sake, ba ya ɗauko sabon yadi ya faro daga tushe.

## Inda awa 10,000 ta fito

A shekarar 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Anders Ericsson, shi da abokan aikinsa biyu, suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban gogen Turawa a wata babbar makarantar kiɗa ta birnin Balin a Jamus. An kasa ɗaliban gida uku, kowane gida mutum 10: waɗanda malamansu ke ganin za su yi fice a duniya, sai masu bi musu, sai masu shirin zama malaman kiɗa a makarantu. Da aka tattara awannin da kowa ya yi shi kaɗai yana atisaye tun yana yaro har ya kai shekara 18, 'yan gidan farko sun tashi da kusan awa 7,400, na biyu 5,300, na uku 3,400. Zuwa shekara 20, 'yan gidan farko sun doshi 10,000.

Ga abin da aka gutsure. Adadin nan matsakaici ne, wasu sun haura shi wasu ba su kai ba, don haka babu wata ƙofa da ke buɗewa ranar da awa ta cika. Sannan awannin da aka ƙirga na atisayen gyara ne, a hannun yaran da suka taso da malamai masu sauraronsu mako-mako suna nuna musu inda za su sa ƙarfi. Wani littafi da ya fito a Amurka a 2008 shi ya mayar da adadin kamar doka, Ericsson kuma kafin rasuwarsa a 2020 ya sha fitowa ya ce ba haka bincikensa ya faɗa ba.

Akwai kuma masu ganin shi kansa Ericsson ya kai atisaye inda bai kai ba. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka haɗa bincike 88 suka auna, suka ce a fagen kiɗa atisaye yana bayyana kusan kashi 21 cikin 100 ne na bambancin da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba. Sauran ya rataya a kan wasu abubuwa, irin su shekarun farawa, ƙarfin riƙe abu a ka, da abin da mutum ya zo da shi. Ɓangaren Ericsson suka amsa cewa an cusa binciken da suka ƙirga kowane irin bugu a matsayin atisaye, dole adadin ya faɗi. Har yanzu ba a rufe wannan muhawara ba. Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kai ba shi ne, babu gwanin da ya kai ba tare da dogon atisaye ba, kuma awa ba ta daidai da awa.

## Abin da gidan gado ke bayarwa

Karin maganar dattawa ta cancanci a tsaya a kanta, don sau da yawa gaskiya take faɗa. Ɗan gidan makaɗa yakan riga ɗan haye nisa. Tambayar ita ce, me ya gada?

A dubi yadda yaro ke tasowa a gidan masu kalangu. Ba a miƙa masa babbar ganga ranar farko. Ɗaukar kaya yake fara yi, yana bin iyayen gidansa wurin biki da suna da hawan Sallah, kunnensa na shan kiɗan tun bai san yana koyo ba. In aka ga ya isa, sai a rataya masa ƙaramar ganga, kuntukuru ko kazagi, a ba shi bugu ɗaya tak ya riƙe. Zai yi watanni a kan bugun nan, a tsakiyar manya, inda in ya yi sauri ko ya ja baya kowa zai ji. Gyaran kuma ba ya kwana. Maigida ya waiwayo ya harare shi, ko ya matso ya buga daidai ɗin a gefen kunnensa, shi ke nan ya gane. Sai ya zauna daram a wannan kafin a bar shi ya saƙala kalangu a hammata ya fara koyon matsa tsirkiya da sakinta, wanda shi ke ɗaga murya ya sauke ta.

Akwai wata hikima kuma da ba a cika lura da ita ba. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Take jimla ce mai ma'ana, kirarin mahauta ne ko na wani basarake. Saboda haka yaro yakan iya faɗin taken da baki kafin gula ta taɓa fata. Ya riga ya san abin da yake son ji, in hannu ya faɗi wani abu daban nan take zai gane ganga ta yi ƙarya.

In aka jera waɗannan kusa da sharuɗɗan atisayen gyara, sai a ga abu ɗaya ne: aiki ƙarami daidai ƙarfin mai koyo, sanin yadda daidai yake tun kafin a buga, gyara nan take daga wanda ya fi ka kunne, da ƙarin nauyi sannu a hankali. Babban rabon abin da ake kira gado ke nan. Wannan ba musun baiwa ba ne, don a gida ɗaya ma akan sami wanda ya fi 'yan'uwansa hannu. Amma ƙofar ba a rufe take ga ɗan haye ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, kuma har yau ana jin sa a kasuwannin Garwa da Njamena kamar yadda ake jin sa a Katsina.

Matsalar mai koyo na yau a fili take. Bidiyon waya ya ba shi abin kwaikwayo fiye da yadda kakanninsa suka taɓa samu, yana iya tsayar da hannun gwani ya mayar da shi baya sau 100. Abin da bidiyo ba ya yi shi ne waiwayowa ya harare shi. Awanni yana da su, kunnen da zai gyara masa ne babu.

## Yadda gwanaye ke yi da kuskure

Wani bincike da Robert Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 daga Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka ya taɓo daidai wannan wuri. Sun ba ɗaliban fiyano 17, waɗanda duk sun yi nisa a karatun, wani gajeren yanki mai wuya. Aka ce kowa ya yi atisaye iya son ransa, gobe ya dawo a gwada shi. Washegari aka jera su daga wanda ya fi zuwa na ƙarshe. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka bai nuna matsayinsa ba, yawan maimaicinsa ma bai nuna ba. Abin da ya nuna shi ne yawan bugun kuskure a cikin abin da ya maimaita: wanda kuskure ya fi yawa a atisayensa, shi ya fi komawa baya a jerin.

Ukun da suka fi kowa ma sun yi kuskure da farko kamar sauran. Bambancinsu, suna gano ainihin inda matsalar take da abin da ya jawo ta, su rage gudu tun kafin su iso wurin, su bi shi a hankali har ya fito daidai, su nanata daidai ɗin har ya zauna, sannan su ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

Ga yaronmu mai Yamaha, ma'anar wannan ita ce ya bar farkon waƙar ya huta. Ya ɗauki layi na ukun nan kaɗai, ya fara daga bugu biyu kafin wurin gocewar ya tsaya bugu biyu bayansa. Ya tambayi kansa: yatsan da nake sawa ne bai dace ba, ko hannun hagu ne ke jan na dama, ko kuwa ban ma san sautin da ke biye ba? Kowace amsa da maganinta. In bai iya rera wurin da baki ba, matsalar ba a yatsa take ba tukuna, sai ya koma ya saurara. Minti 15 a haka sun fi awa 2 na jiya amfani, ko da yake sun fi su gajiyarwa, kuma ba su da daɗin ji ga na waje. Mai goge ko kukuma ma haka ne, har ya fi, tunda tsirkiyarsa ba ta da alamar inda yatsa zai sauka, kunne ne kaɗai jagora.

## Rabon lokaci, barci, da ranar da babu wuta

A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa suka wallafa gwajin da aka yi da ma'aikatan gidan waya na Ingila masu koyon buga na'ura mai maɓallai. Wasu awa 1 suke yi a rana, wasu 2, wasu 4. Masu awa 1 su suka iya da mafi ƙarancin jimillar awanni, masu awa 4 suka fi kowa ɓarnar lokaci, duk da cewa a lissafin kwanaki sun riga gamawa. Abin lura, masu awa 1 ɗin su suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarinsu. Hanyar da ta fi aiki ba lallai mai yin ta ya ji kamar yana ci gaba ba. Ko gwanayen Balin, atisayensu na kaɗaici bai wuce kusan awa 3 da rabi a rana ba, a rarrabe da hutu a tsakani.

Barci ma yana cikin aikin. Binciken Matthew Walker na 2002 a Jami'ar Harvard ta Amurka ya nuna mutanen da suka koyi wani jerin bugun yatsu sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba, alhali waɗanda suka yi tsawon lokacin a farke ba su sami wannan ƙarin ba. Mai kwana bugu ana gobe biki yana hana kansa rabin ribar wahalarsa.

Sai batun da ya fi shafar mu a nan, inda wuta kan ɗauke kuma fiyanon ma sau da yawa na aro ne. A 1995 Alvaro Pascual-Leone ya sa wasu mutane koyon wani ɗan bugun fiyano na yatsu biyar, awa 2 a rana har kwana 5. Wasu da hannu suka yi, wasu kuma suka zauna gaban fiyanon suna bin bugun a zuci kawai. Sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sauya a dukkan ɓangarorin biyu. Masu yi a zuci ba su kai masu yi da hannu iyawa ba, amma da aka ba su zama ɗaya na bugu na gaske sai suka kamo su. Ranar da babu wuta ba ranar hutu ba ce dole. Ana iya bin yatsu a kan fiyano a kashe, ana rera sautin da baki, kamar dai yadda ɗan gidan kalangu ke faɗin take yana tafiya aike.

## Inda malamai suka saɓa

Ba kowa ya yarda a daɗe ana bi a hankali ba. Wasu malamai na cewa motsin hannu a guje daban yake da motsinsa a sannu, kamar yadda gudu ba tafiya ce mai sauri ba, don haka a riƙa ɗaukar guntu ƙarami, bugu uku ko huɗu, a buga shi da cikakken gudunsa, a tsaya, a ƙara masa ɗaya. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma hanyoyin biyu ba sa hana juna: sannu don a gano daidai, guntu a guje don a saba da gudun.

Haka batun manhajar ƙidaya bugu da ke cikin waya. Masu fiyano da aikin situdiyo ba su da makawa sai da ita, tunda kiɗansu a kan ma'aunin na'ura ake ɗora shi. Makaɗan gargajiya kuwa suna da gaskiya in suka ce kiɗan kalangu yana da jan jiki da sassauci da yake bin ƙafar mai rawa da numfashin mawaƙi, abin da na'ura ba ta sani ba. Amfaninta a nan shi ne awo, ta tona wa mutum inda yake sauri bai sani ba. Bayan haka sai a kashe ta a nemi ɗan'uwa mai riƙe ƙaramar ganga.

## Jiki da kayan aiki

Gajiya daban, ciwo daban. In wuyan hannu ko yatsa ya fara zafi ko ɗaurewa, tsayawa ake yi, in ya ƙi tafiya a je asibiti. Kunne kuma ba ya dawowa in ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a ma'aunin ƙarfin ƙara 80 (desibel) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin 3 a ma'aunin yana rage lokacin da rabi. Algaita ko ganga a cikin ɗaki rufe, ko lasifikar biki a gefen kai, suna wuce wannan nesa ba kusa ba. Mai koyon algaita, wanda dole ya iya shaƙar iska ta hanci yana hura ta kumatu ba yankewa, yana iya yin wannan sashen shiru da bututun shan lemo a kofin ruwa, yana lura kada kumfar ta tsaya. Masu busa a ƙasashe da yawa da haka suke koyonsa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, hankali ya fi taruwa da sanyin safiya. Fatar ganga takan ɗaure da hunturu ta saki da damina, wanda bai gyara ta kafin ya fara ba kunnensa zai saba da muryar da ba ita ba ce.

## Abin da zai sauya a aljihu da a gida

Ga mai biyan kuɗi don a bar shi ya taɓa fiyano a situdiyo, lissafin ya sauya. Zama gajere sau 5 a mako ya fi masa dogon zama ɗaya ranar Lahadi, kuma ya kamata ya shiga da sanin wurin da zai gyara, ya riga ya bi shi da baki da zuci a gida. Ga iyaye masu tsoron kiɗa zai cinye karatu ko sana'ar yaro, minti 40 na atisayen gyara ba sa hana zuwa makaranta ko jiran shago. Maƙwabta ma sun huta da bugun tsakar dare.

Wayar da ta kawo ruɗanin tana iya toshe rabin giɓin. Mai koyo ya ɗauki sautin kansa, ya bari sai da safe ya saurara, zai ji abin da bai ji ba lokacin da hankalinsa ke kan yatsu. Rabi ne kawai, domin kunnen da bai san daidai ba ba zai kama kuskuren kansa ba.

Sauran rabin yana wurin dattawan nan da ke zaune a ƙofar fada da unguwannin Hausawa, waɗanda da yawansu 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Tsohon mai kalangu ko da bai taɓa sa yatsa a fiyano ba, zai faɗa maka inda bugunka ya yi gaggawa da inda kiɗanka ya karya kalmar Hausa. Saurayi ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye ɗan abin goro, ya ce: “Baba, ga ɗan abin da nake koyo, a saurara mini.” Ya kunna masa minti ɗaya, kada ya wuce haka. Wurin da tsohon ya ɗaga hannu ya ce a tsaya, shi ne aikin wannan makon, ranar Juma'a mai zuwa ya komo masa da shi a gyare.